Harvard ko Jami'ar Jiha: Ina Ya Dace Ɗalibi Mai Hazaƙa Ya Nufa a Amurka?

Iyaye na yawan yin wannan tambaya, kuma kuɗi ne kan gaba. Harvard ba ta ba da tallafi don hazaƙa, sai don buƙata: daga 2025, iyalin da samunsu bai wuce dala 100,000 a shekara ba, ɗansu kyauta zai yi karatu. Shigar ce aiki, domin cikin masu nema 100 ko 5 ba a ɗauka.

Jami'ar jiha irin ta Michigan tana da rangwame, amma ga ɗan jihar kaɗai. Baƙo yakan biya ninki uku, kuma azuzuwan shekarar farko cike suke maƙil.

Ɗan talaka mai sakamako na fice, ya gwada Harvard. Ɗan jiha daga gida mai rufin asiri da ke shirin zarcewa likitanci, jami'ar jiharsa za ta rage masa bashi.