Tikitin zaga duniya na Star Alliance, ra'ayina

Gaskiya tikitin nan na Star Alliance, wato kawancen wasu kamfanonin jiragen sama, yayi, amma sai ka zauna ka karanta dokokinsa da kyau. Kasar da ka tashi nan zaka dawo, kuma in ka nufi gabas to gabas din zakai ta yi, ka tsallake tekun Atlantika sau daya, Pasifik sau daya. Hawa jirgi sau 16 ne iyaka, mil 39,000, cikin shekara daya. Inda mutane ke rudewa shine transit, in ka canza jirgi a Addis Ababa an kirga maka biyu kenan, kai ko mota ka shiga tsakanin gari biyu shima yana cikin lissafi. Abinda ya burgeni kamfanin Ethiopian Airlines, wanda ke cikin kawancen, na zuwa Kano. Biza kam kai zaka nemi abarka.