Ruwan cire gam mai ƙamshin lemo: ya cire sitika, amma soson cikin kwalin ya ɓata tukunya

Tukunyar da na gwada shi a kanta sitenles ce mai cin lita 50, da famfo a ƙasa, irin wadda masu dafa zoɓo da shayi mai yawa suke saye, jikinta yana sheƙi kamar madubi. Ta zo da sitika uku: babba a gaba, ƙarama a murfi, da ta lambar kaya a gindi. Sai kuma tambarin kamfani baƙi a saman famfo. Ruwan cire gam ɗin nan da masu kayan kicin suke ta talla, wanda ake haɗo shi da ɗan makankarin roba da koren soso a kwali ɗaya, shi na saya, saboda an rubuta a jikinsa cewa yana cire sitika da gam da tambari. Kuɗinsa dai ba kaɗan ba ne.

A wajen gam, gaskiya ya yi aiki. Sai dai kada a fara da shi. A fara cika tukunyar da ruwan zafi har ya wuce inda sitikar take, a bari minti 5 ƙarfen ya ɗumama, sannan a ɗaga gefe ɗaya da farce a ja a kwance a hankali. Idan aka fizge ta sama takardar ce za ta yage ta bar gam ɗin duka a jiki. A zubar da ruwan, a jiƙa tsumma da maganin, a manna kan danƙon da ya rage, a rufe da leda don kada ya bushe, a ba shi minti 10. Makankarin roba na bi ta kai gam ɗin zai tattare ya fita. Sitikar gaba da ta murfi a zagaye ɗaya suka tafi. Ta gindi kuwa, da yake tukunyar ta riga ta hau wuta sau ɗaya, gam ɗin ya gasu ya koma ruwan ƙasa, sai da aka maimaita sau uku. Duk wanda ya sayi sabuwar tukunya ya kifa ta ya duba gindi kafin ya ɗora a wuta.

Inda raina ya ɓaci shi ne tambari. Takardar cikin kwali ta ce a fesa, a jira, a goge da soson da aka haɗo. An fesa, an jira, tambari ko gezau. Da aka sa koren soson nan, cikin abin da bai kai minti biyu ba wurin ya dushe, ya zama tabo fari-fari kamar faɗin tafin hannu, cike da ƙananan karce da suke kama haske, tambarin kuma yana nan a tsakiya, ya ɗan koɗe kawai. Yanzu duk wanda ya tsaya gaban tukunyar idonsa nan yake fara sauka. Da ma tambarin ne kaɗai da ya fi kyan gani. Koren soso irin wannan yana ɗauke da ƙwayoyin yashin goge ƙarfe waɗanda suka fi sitenles tauri, aikinsa ke nan, ya ci ƙarfe. A kan tukunya mai zane-zanen goga, idan an bi layin zanen, karcen yana sajewa. A kan mai sheƙin madubi babu inda zai ɓuya. Wanda ya haɗa wannan kwali ya san haka ko ya kamata ya sani, kuma ko layi ɗaya na gargaɗi bai rubuta ba.

Abin da ya fi ciwo shi ne cewa tambarin tun farko ba irin wanda ruwa zai cire ba ne, ko wane iri ne ruwan. Tambarin tukunya kala uku ne. Akwai na tawada da ake bugawa a saman ƙarfe, wannan idan ka bi da farce za ka ji ɗan tudu, kuma audugar da aka jiƙa da asiton, wato ruwan goge jan farce, tana yin baƙi cikin daƙiƙa 30. Akwai na leza, wato haske mai ƙarfi da inji ke rubutu da shi a ƙarfe, ko na wutar lantarki, wanda ƙarfen ne da kansa aka canja wa launi, sumul yake, auduga ba ta ɗauko komai. Akwai kuma wanda aka danna da inji ya lotsa ko ya fito, wannan a haƙura da shi. Na wannan tukunya na leza ne. Da takardar ta faɗi wannan gwaji na auduga, da babu wanda zai taɓa soso.

Da farko na so in ce ruwan ya cancanci saye, soson kawai za a jefar. Amma da na tuna abin da ke cikin kicin, sai na ga ko a wajen gam ɗin bai yi wani abin da ya kai kuɗinsa ba. Man gyaɗa cokali biyu da bekin soda cokali biyu, a kwaɓa a shafa, a bari minti 20, yana narkar da yawancin gam ɗin sitikar takarda. Wanda ya ƙi mai, sifirit ko asiton na ɗauke shi. Kananzir ma yana yi, sai dai ban yarda a kai shi kusa da abin da za a dafa abin sha ba, warinsa yana maƙalewa a bakin murfi da haɗin famfo. Fifikon wannan ruwa kawai sauri ne da ƙamshi. Kuma shi ma yana barin maiƙo, dole a wanke da ruwan zafi da sabulun wanke-wanke sau biyu. Sannan ga wani abin da ba su faɗa ba: sinadarin ɓawon lemo da ke cikin ruwan yana kumbura roba. Idan ya gangara ya jiƙa zoben robar da ke toshe haɗin famfo, zoben zai yi laushi ya fara yoyo. A kwance famfo a ajiye gefe kafin a fesa komai. Asiton shi ma a nisanta shi da hannun roba da bututun da ke nuna yawan ruwa, yana dusar da su, wani lokacin ya tsattsage su.

Wanda ya riga ya yi irin wannan tabo na koren soso, gyaransa samfefa ce ta ruwa, ana hawa daki-daki: lamba 600 har tambarin ya ɓace, sai 1000, sai 2000, kowacce da ruwa, a layi ɗaya ba zagaye ba, a ƙare da man goge ƙarfe da tsumma mai laushi. Da hannu zai ci awa guda ko fiye, kuma sheƙin ba ya dawowa daidai da na kamfani, a rana za a ga bambanci. Mai injin goge ƙarfe ya fi iya daidaita shi. Garin goge tukwane mai suna Bar Keepers Friend, mai sinadarin okzalik, da jiƙaƙƙen tsumma yana koɗar da tambarin da bai shiga ƙarfe sosai ba, kuma ya fi koren soso sauƙi nesa ba kusa ba, amma a fara gwada shi a gindi inda ido ba ya kaiwa. Lambobin lita da ke cikin tukunya su ma yawanci irin wannan rubutu ne, kada a dirje su.

Soson waya na baƙin ƙarfe da bilic kuwa kada su taɓa ta. Abin da ke hana sitenles tsatsa wata siririyar fata ce da sinadarin kuromiyom ke yi idan ya haɗu da iska. Sitenles mai lamba 304 yana da kuromiyom kashi 18 da nikel kashi 8 cikin ɗari. Mai lamba 201, wanda ya fi araha, nikel ɗinsa kaɗan ne, shi ya sa ya fi saurin tabo. Soson waya yana barin burbushin ƙarfe da zai yi tsatsa a jiki, bilic kuma yana huda fatar nan ya bar ƙananan ramuka.

Bayan duk wani dirza, don siririyar fatar nan ta dawo, a narka garin tsamin sitirik giram 50 a kowace lita ta ruwan ɗumi, a jiƙa wurin minti 30, a ɗauraye, a bar tukunyar a buɗe ta sha iska kwana ɗaya kafin a yi amfani da ita. Ragowar ruwan lemon zan ƙarar da shi a kan sitikar kwalabe. Ba zan sake saye ba muddin koren soson nan yana cikin kwalin kuma kalmar tambari tana jikin kwalbar.