Abincin rana mai rangwame ko zaɓi daga cikakken jeri?

A manyan gidajen abinci, abincin rana mai rangwame yawanci kashi uku ne: ɗan abin buɗe baki, babban abinci, sai kayan zaƙi. Yana fitowa da wuri, domin tun safe aka haɗa miya da sauran kayan. Sai dai yankan naman ƙarami ne, zaɓin ma bai wuce biyu ko uku ba. Wajen biya ake shan mamaki: ruwan kwalba, kofi da kuɗin hidima galibi ba sa cikin rangwamen, don haka a tambaya kafin a yi oda.

Cikakken jerin kuwa a nan gwanintar mai girki take fitowa, amma akwai jira, aljihu kuma zai ji jiki. Mai hutun awa ɗaya, na farkon ya fi masa.