Injin daskarar da tsiro: abin da na gani bayan wata bakwai ina gwajin alkama da shi

Wata bakwai ke nan ina aiki da wannan injin daskarewa mai sauke sanyi sannu a hankali. Aikina shi ne gano wane irin alkamar hunturu ne ya fi jure ƙanƙara, wato alkamar da ake shukawa a ƙasashe masu tsananin sanyi ta yi hunturu a gona, kuma kafin a kawo mana shi da firiza ta gida muke fama, muna buɗewa muna leƙawa muna juya maɓalli da hannu. Na yi zagayen gwaji huɗu da shi, don haka ina ganin na isa in faɗi ra'ayina.

Abin da ya fi burge ni shi ne riƙon alkawari wajen saurin sauka. Idan na saita shi ya riƙa sauke digiri 2 a kowace awa, haka zai yi har gari ya waye. Wannan ba ƙaramin abu ba ne, domin tsiron da aka jefa cikin tsananin sanyi farat ɗaya yakan mutu a inda da an bi shi a hankali zai rayu. Ruwa yana bukatar lokaci ya fito daga cikin ƙwayoyin halitta ya daskare a tsakaninsu. In ƙanƙarar ta kama a cikin ƙwayar kanta, to an gama.

Yadda nake yi: tsirran sukan yi mako biyar a ɗaki mai sanyin digiri 2 zuwa 4 don su saba. Sai in tumɓuke su, in datse ganye da saiwa, in bar gindin, wato ɗan ƙullin nan da ke ƙarƙashin ƙasa inda saiwa da ganye suke haɗuwa. Ran alkamar hunturu yana nan. Ina binne su a yashi mai danshi, injin ya riƙe su a digiri 3 ƙasa da sifili tsawon dare, ni kuma in yayyafa ɓarɓashin ƙanƙara don daskarewa ta soma da wuri. Na taɓa mantawa da wannan yayyafin a zagayen farko, ruwan jikin wasu ya ƙi daskarewa, sakamako ya fito a hargitse. Laifina ne, ba na inji ba.

Nasa laifin kuwa na gano shi ne a zagaye na biyu. Tsirran da ke kusa da fanka sun fi mutuwa, ko wane iri ne. Na samo siraran wayoyin auna zafi guda shida na cusa a yashi a kusurwoyi daban-daban, sai na ga tazarar da ke tsakanin tsakiya da gefen fanka ta kai kusan digiri 1 da rabi, alhali allon injin lamba ɗaya yake nunawa. A aikin da bambancin iri da iri kan zama digiri 1 ko 2, wannan ya isa ya sa a yabi irin da bai cancanta ba. Ya dame ni ƙwarai. Yanzu ba na ɗora komai a layin da ke gaban fanka, kuma kowane zagaye ina sauya wa ire-iren wuri. Wani abin kuma: duk sanda na buɗe ƙofa don cire rukunin tsirran da suka kai matakin sanyin da nake gwadawa, yakan ɗauki mintuna kafin ya koma inda yake.

Tare da injin muka sami ma'aunin da ke gane yawan gishirin da ya narke a ruwa ta hanyar wucewar lantarki. Dabarar tsohuwa ce, wani masanin tsirrai mai suna Dexter da abokan aikinsa a Wiskonsin ta Amurka suka fito da ita tun wajajen 1930: ƙwayar da sanyi ya fasa takan zubar da abin cikinta. Ana jiƙa ganyen a tataccen ruwa a girgiza a auna, a tafasa a sake aunawa, a kwatanta. Yana da sauri, kwana biyu ka sami lamba. Amma na fi amincewa da sake dasa gindin in jira mako uku. Na ga iri da ganyensa ya zubar da gishiri sosai, amma a rana ta goma sha biyu fararen saiwoyi suka leƙo daga gindinsa, na tsuguna ina ƙirgawa da tsinke.

Daga wannan ƙirgen nake fitar da LT50, wato sanyin da ke kashe rabin tsirrai. Na sa Norstar, alkamar Kanada da ta yi suna wajen juriya, a matsayin ma'auni, kuma ta wuce digiri 20 ƙasa da sifili kamar yadda aka san ta, sha'ir kuwa ya faɗi tun kafin nan. Hakan ya kwantar min da hankali a kan injin.

Sai dai kada mai saye ya ɗauka lambar nan ita ce hunturu. A gona akwai dusar ƙanƙara da ke lulluɓe gindi kamar bargo, akwai ɗumin tsakiyar hunturu da ke sa tsiro ya saki juriyarsa, akwai ƙanƙarar da ke toshe iska. Injin ba ya nuna ko ɗaya. Ga mai tace ire-ire da yawa kafin ya kai su gona, ina ba da shawarar a saye shi, amma a haɗa da wayoyin auna zafi tun ranar farko, a zana taswirar sanyin cikinsa kafin a sa tsiro ko ɗaya.