Allon soso ko gajere mai tauri, wanne za ka fara da shi?

Ɗan'uwa, tunda sulun kan dusar ƙanƙara da finafinan masu hawan igiyar ruwa ne suka ja ka har kake shirin zuwa Tarkwa Bay a Legas, amsar tambayarka kan allon hawan igiyar ruwa da za ka saya ita ce allon soso mai tsawon ƙafa 8.

Wasannin biyu suna kama a ido: tsayuwa a kaikaice, lanƙwasa gwiwa, kallon inda kake son zuwa. To amma a kan ƙanƙara dutsen yana tsaye, ƙafafunka a ɗaure suke, gangara ce ke tafiya da kai. A teku kuwa, mafi yawan lokacinka a kwance kake rubda ciki kana tuƙi da hannu, sai ka kamo gudun igiyar kafin ka zabura ka miƙe tsaye a tashi ɗaya. A nan girman allo yake aiki. Na soso mai ƙafa 8 yana kaiwa wajen lita 80, yana ɗaga ka sama da ruwa, tuƙi ya yi sauƙi, ko ƙaramar igiyar da ta riga ta fashe ta zama kumfa za ta tura ka. Idan ka faɗi ya doke ka, soso ne, fikafikan da ke ƙasansa ma na roba ne masu lanƙwasuwa. Ina son wannan allo domin yana barin mai koyo ya miƙe sau da yawa a rana ɗaya, kuma yawan miƙewa shi ne koyon. Hatta fim ɗin The Endless Summer na 1966, wanda ya biyo ta Senegal da Ghana da Najeriya, dogayen alluna masu hawan igiyar ruwa da ke cikinsa suka hau.

Kuskure ɗaya da masu sha'awar ƙanƙara ke yi: danna ƙafar gaba. A ruwa hakan yana cusa hancin allon ƙasa, sai ka yi tsalle-kifi ka faɗa ta ka. Juyawa da ƙafar baya ake yi.

Gajeren mai tauri, ƙafa 6 da wajen lita 30, yana juyawa da sauri a hannun gwani. Iyakar yabonsa ke nan. Ga mai koyo nitsewa yake, kuma bakinsa da fikafikansa suna yanka.

Ka haɗa da igiyar ƙafa mai tsawo daidai da allon, a ɗaura ta a ƙafar baya. Kakin da ake gogawa kada ƙafa ta zame, ka nemi na ruwan ɗumi. Na ƙasashen sanyi laushi yake yi ya zame a ruwan Legas. Idan ba ka iya iyo sosai ba, fara da wannan tukuna a nan Kano, domin teku na da ruwa mai ja zuwa ciki.

Sai maganar masu sayarwa, ko da ba ka tambaya ba. Kada ka tura kuɗi kan hoto kawai. Allon da aka taɓa amfani da shi, ka ɗaga shi: idan ya yi nauyi fiye da girmansa, ya sha ruwa. Ka bi jikinsa kana dannawa da babban yatsa, wurin da ya lotsa ko ya kumbura fatar ta rabu da soson ciki. Sitika a gefe ko a hanci sau da yawa tsaga take rufewa, ka ce a ɓare ka gani. Ka girgiza fikafikan, ramin da suke zaune kada ya yi motsi.

A tafiyar farko ma haya ta fi, samarin da ke koyarwa a bakin ruwan za su ba ka. Idan ka saya, ka nemi inda za ka ajiye shi can a inuwa. Allo mai ƙafa 8 wahala ne a motar Kano zuwa Legas, kuma zafinmu na watan Afrilu, mai haura digiri 40, yana ɗaga fatar allo idan aka bar shi a rana ko cikin mota a rufe.