Wasiƙa daga birnin Kolon na Jamus a kan kayan ɗakin amarya

Assalamu alaikum, Yaya. Bayan gaisuwa mai yawa da fatan kuna lafiya ke da maigida da yara, ina yi muku barka da sa ranar 'yarmu, Allah Ya nuna mana lokacin da rai da lafiya. Na ga saƙon da kika aiko, inda kika nemi in duba miki gado da sif da kujeru a nan Jamus, ko za a iya saye a auno su ta jirgin ruwa kafin biki. Na ga ya fi dacewa in zauna in rubuto miki a tsanake maimakon mu yi ta waya, domin amsar da zan ba ki ita ce kada a yi hakan, kuma ba na so ki ɗauka ƙyashin ɗawainiyar nake yi.

Zan fara da yadda muka tarar da gidan da muke ciki, saboda daga nan ne na gane dalilin da ya sa kayan mutanen nan suke yadda suke. Fiye da rabin mutanen ƙasar nan a gidan haya suke zaune, wasu har ƙarshen rayuwarsu, kuma idan aka ce an ba ki gida, to bango da ƙasa da taga aka ba ki. Ranar da muka karɓi makulli na shiga kicin ban ga komai ba sai bakin famfo da bututun zubar da ruwa sun leƙo daga bango, babu wurin wanke-wanke, babu murhu, babu ko kanta ɗaya, domin wanda ya tashi ya kwance kicin ɗinsa gaba ɗaya ya tafi da shi. A kowane ɗaki wayoyi ne kawai ke reto daga silin inda ya kamata a ga ƙwan fitila, har muka kwana biyu da hasken waya. Mai gida yana da ikon riƙe kuɗin ajiya da ya kai na hayar wata uku, kuma ranar tashi zai bi bango yana duba ramukan ƙusa, saboda haka kowa yana taka-tsantsan da abin da zai kafa. Ga shi tsofaffin gidaje da yawa hawa huɗu ne ko biyar ba tare da lif ba. Mutumin da ke rayuwa a haka dole ya so kaya marasa nauyi, waɗanda za a kwance a ɗaure cikin yini ɗaya.

Wannan buƙata ce ta ɗaga kamfanin IKEA, wanda wani ɗan ƙasar Suwidin mai suna Ingvar Kamprad ya kafa a 1943, ya buɗe shagonsa na farko a Jamus a 1974 kusa da birnin Munik. Shagon kamar gari yake, an shirya ɗakuna iri-iri kina bi kina kallo, ga takarda da fensir, idan kin ga abin da kike so sai ki rubuta lambarsa ki je rumbun ajiya ki ɗauko shi a kwali, shimfiɗe kamar ƙofa. Ke za ki kai shi gida, ke za ki haɗa shi da wani ɗan lanƙwasasshen ƙarfe da ke cikin kwalin, kina bin zane. Yawancin shagunan kayan ɗaki masu araha a nan haka suke yi, kuma hotunan da kike gani a waya suna burge ki galibi irin waɗannan kayan ne. Abin da hoto ba ya nunawa shi ne cikin allon, wanda garin katako ne aka cakuɗa da gam aka matse, sannan aka lulluɓe shi da wata fata mai kama da itace.

A nan irin wannan allo yana daɗewa, domin ɗaki a bushe yake, gara ba ta damun kowa, kuma ba a kwarara ruwa a ƙasa idan za a yi goge-goge. Ni da ban sani ba, na sayi wata durowa a wani shago a shekarata ta farko, na ci gaba da wanke ɗaki irin na gida da bokiti da tsumma, kafin wata shida gindinta ya kumbura kamar burodin da ya sha shayi, fatar ta ɗaye, garin yana zuba. Da muka matsar da ita zuwa ɗakin yara kuwa, ramukan notin suka buɗe, ta koma tana rangaji. To ki kwatanta wannan da ɗakin amarya a Kano, inda za a loda kayan a a-kori-kura ranar jere, damina ta zo da laima, gara na jira a gindin bango, kuma wataƙila a sake tashi daga gidan bayan shekara biyu. Idan aka haɗa da kuɗin jirgi da na kwastan, za ki biya kuɗin kayan ƙwarai ki karɓi abin da masu magana suka riga suka yanke wa hukunci da cewa araha ba ta ado. Kayan katako na gaske akwai su, kuma aikinsu ba shi da makusa, amma kuɗin gado ɗaya daga cikinsu zai iya yi wa amarya ɗaki guda a gida.

Babban bambancin da na gani tsakanin nan da gida shi ne, a nan kaya ne ke da araha, hannun mutum kuwa tsada gare shi. Mafi ƙarancin ladan aiki da doka ta yanke a 2025 Yuro 12.82 ne a awa, kuma mai sana'ar hannu da ya yi shekaru yana koyo ya ninka wannan sau da yawa. Wanda ya zo ya haɗa mana famfon kicin sai da muka jira shi mako uku, ya yi aikin da bai kai awa biyu ba, ya rubuto takarda har da kuɗin tahowarsa a mota. Shi ya sa za ki ga likita ko malamin jami'a ranar Asabar a manyan shagunan kayan gini irin su OBI da Hornbach yana tura amalanke cike da fenti, zai je ya shafe ɗakinsa da kansa, kuma dole ya gama huda bango a ranar, tunda Lahadi shaguna a rufe suke, maƙwabta ma ba za su lamunci ƙarar inji ba. Abin da ke hannunki a banza, wato ki kira kafinta ya zo ya auna ɗaki ya yi sif daidai da bangon, ki sayo yadi a Kantin Kwari tela ya ɗinka labule daidai da taga cikin kwana uku, a nan sai mai hannu da shuni.

Amma in faɗi gaskiya, akwai inda suka fi mu nesa ba kusa ba. Idan mutum ya ce ƙarfe tara, to ƙarfe tara ne, kuma farashin da ya rubuta kafin aiki ba ya yin nisa da wanda zai karɓa. Doka ta ɗora wa mai shago alhakin aibin sabon kaya har shekara biyu, abin da aka saya ta intanet kuma ana iya mayarwa cikin kwana 14 ba tare da an faɗi dalili ba. Kin dai tuna yadda muka yi ta sintiri wurin wani kafinta lokacin bikina, kullum gobe, kullum jibi, ƙarshe ya kawo gadon da aka yi da ɗanyen katako, hunturu na shiga ya tsattsage. Saboda haka shawarata ita ce ki ɗauki tsarinsu ki ɗora a kan ma'aikatanmu. A rubuta awo da irin katakon da ranar kawowa a takarda, kowa ya sa hannu a gaban shaida, a biya kuɗin kashi uku, kuma ki je da kanki ki ga katakon kafin a shafa masa komai, domin fenti yana rufa asirin aiki. Idan za a samu busasshen maɗaci ko kawo, ko da ƙafafu da ginshiƙan gadon ne kawai a yi da shi, ya fi allon da masu shago ke yi wa kirari da kayan waje.

Abu na biyu da na koya a wurinsu shi ne awo. Bajamushe ba ya sayen kujera sai ya auna ɗaki, ya auna ƙofar da za ta shiga, ya bar hanyar da mutum zai wuce ba tare da ya karkace ba. Tun a 1926 wata mai zanen gine-gine 'yar ƙasar Ostiriya, Margarete Schütte-Lihotzky, ta tsara wa gidajen ma'aikata na birnin Frankfurt wani ɗan ƙaramin kicin, bayan ta lura da yawan takun da mace ke yi tsakanin murhu da wurin wanke-wanke, kuma daga irinsa kicin ɗin zamani mai kantoci a jikin bango ya samo asali. Mu kuwa sai mu sayi kaya tukuna, ranar jere a tarar gado shida da shida da sif mai ƙofa shida da madubi sun cinye ɗakin, har ƙofar sif ɗin ba ta buɗuwa sai ta bugi gado, a falo kuma a cusa kujeru masu cin mutum bakwai inda huɗu suka isa. Ban ce a rage wa yarinya gata ba. Na san kayan ɗaki dukiyarta ce kuma mutuncin iyayenta ne a idon dangin miji, kuma har yau ina jin daɗin tuna jeren kwalla da samira na ɗakin Inna, waɗanda take saukewa ta wanke duk gabanin salla ba tare da an taɓa cin abinci a ciki ba. Abin da nake cewa shi ne, kuɗin da za a zuba a kujera ta shida da ta bakwai a mayar da shi kan katifa mai kyau da fanka mai caji da ɗan abin sola, waɗanda za ta yi wa godiya a watan Afrilu.

Akwai kuma abin da bai kamata a kwaikwaya ba ko kaɗan. A watan Disamba hasken rana a nan na wajen awa takwas ne kawai, shi ma a dushe, don haka suke son manyan tagogi da farin bango da labule shara-shara ko ma babu, suna farautar haske ne. Ke kuwa rana da ƙura kike gudu. Labule mai kauri da ragar sauro su ne naki, kuma farar kujera ko mai gashi-gashi ba za ta kai ƙarshen hunturu da mutuncinta ba. Ki sa a yi wa kujerun riga mai zif wadda za a cire a wanke. Kafet daga bango zuwa bango ma a bar shi, tayil ko leda da darduma a tsakiya wadda za a fitar a kakkaɓe ya fi lafiya, musamman idan yara suka fara zuwa. Abu ɗaya da zan roƙa a cikin sha'anin haske shi ne a rage fitilu masu launi-launi a silin, a sa ƙwai mai ɗan ja-ja a ɗakin kwana, wanda za ki ga an rubuta 2700K a kwalinsa, a bar fari tas mai 6500K a kicin da tsakar gida.

Ko turaren wuta sai da ya ja mini magana. Doka ta wajabta maƙala wata 'yar na'ura mai jin hayaƙi a silin ɗakunan kwana da hanyar wucewa, ni kuma na zuba turaren da kika ba ni a kasko na rufe tagogi don ya kama labule, sai ga ƙara kamar ta motar asibiti, maƙwabciyata tsohuwa ta fito da gudu da takalmin ɗaki tana buga ƙofa. Da ta shigo ta ga babu gobara sai ta tsaya tana shaƙar ƙamshin, daga nan idonta ya kai kan faifai uku da na rataye a bango, ta yi ta tambayar inda na saya. Abin da zai ba ki mamaki ke nan, kwando da faifai da tabarma da tum-tum na fata, waɗanda muke ganin kayan ƙauye ne, su ake jerawa a shagunan masu kuɗi a nan da tsadar da ba za ki yarda ba, saboda aikin hannu ne. Ki leƙa Kasuwar Kurmi ki samo wa amarya tum-tum biyu na dukawa, ki sa a rina mata zanen gado a marinar Ƙofar Mata, ki gani ko ɗakin ba zai bambanta da na sauran amaren bana ba.

Abin da zan riƙo mata idan zan taho ƙananan kaya ne masu shiga akwati. Garin Solingen da ya shahara da wuƙaƙe da almakashi yana nan kusa da mu, zan samo mata saiti ɗaya, da tukwanen ƙarfe masu kaurin gindi, da injin markaɗe. Ƙarfin wutarmu da tasu ɗaya ne, bakin filogin ne kawai ya bambanta, nasu ƙafa biyu zagayayyu, namu uku, sai a canja masa kai a gida. Zannuwan gado ba zan sayo ba, domin awonsu daban ne, matashin kansu ma murabba'i ne, santimita 80 kowane gefe, rigarsa ba za ta zauna a kan filonmu ba. Ki sa a auna mini tsawo da faɗin ɗakin da falon da kicin ɗin, a nuna inda ƙofa da taga suke, ki ɗauki hoton takardar ki turo, ni kuma zan zana yadda nake ganin kayan za su zauna kafin ki je wurin kafinta. Ki gaishe mini da Inna da amarya da duk mutanen gida. Wassalam, taki ƙanwa.