Kwando ko kiret ɗin roba: wanne zai kai mangwaro Zuba lafiya?

Ƙanwata, tunda daga Jos za ki riƙa ɗauko mangwaron zuwa kasuwar Zuba, ki sayi kiret ɗin roba mai huji-huji, ki bar kwando.

Ni kiret guda 30 na saya shekara huɗu da suka wuce, 27 na nan ina mora har yau. Abin da ya sa na riƙe su hannu bibbiyu wata tafiya ce cikin watan Afrilu. Mun yi lodi a Farin Gada da yamma, muna sauka Hawan Kibo mota ta lalace tun ba mu kai Akwanga ba. A bakin titi muka kwana. Ban runtsa ba, don jarin nan rabinsa kuɗin adashi ne. Sai washegari bayan azahar muka shiga Zuba, ga cunkoson Mararaba, ga ranar Abuja. Da aka sauke na bi kiret ɗaya bayan ɗaya hannuna na rawa, wallahi abin da na ware bai cika bokiti ɗaya ba. Baiwar Allah da muka haɗa mota da ita kwanduna ta yi. Saman kaya kyau kamar me, amma ana ɗagawa ruwa na ɗiga ta gindi. Na taya ta tsincewa har la'asar, kuma har yanzu in na tuna fuskarta sai raina ya sosu.

Abin da mutane ba su lura da shi ba, ɗan itace ko an tsinke shi bai mutu ba. Yana numfashi, yana fitar da zafi da danshi, mangwaro kuma yana fitar da wata iska da ake kira etilin, ita ce ke nunar da shi. In aka cushe shi inda iska ba ta ratsawa, zafin da iskar sai su taru, na kwana biyar ya nuna a kwana biyu. Jos tana kan tudu kusan mita 1,200, sanyinta yakan rufa wa kaya asiri. Kina sauka daga dutsen wannan rufin asirin ya ƙare.

Sai maganar nauyi. Kiret yana cin kilo 20 zuwa 25, in an jera su bakin na ƙasa ne ke ɗauke da na sama, ba mangwaron ba. Kwando kuwa baki faɗi gindi a tsuke, na ƙasa shi ke shan nauyin duka, kowane rami a titi ya ƙara danne shi. Tsinken saƙar ya soki fata, ta nan ruɓa ke shiga, kuma kwando ba ya wankuwa, cutar lodin jiya ita ke tarar na yau. Kiret ruwa da sabulu ne, ki shanya.

Kwando dai arha gare shi, kuma ba sai kin biya kuɗin dawo da shi ba. Iyakarsa ke nan. Ki nemi kiret irin wanda ke shigewa cikin ɗan'uwansa in babu kaya, kuɗin dawowar zai yi sauƙi.

Kada ki cika shi fal, ki bar tazarar yatsa biyu a sama. Ki shimfiɗa takarda a ƙasa, amma ban da leda, gumi take sa shi. Ki sa a tsinko da ɗan guntun hanci, don ruwan da ke fita daga wurin yana ƙona fata ya bar baƙin tabo. Ɗanye kuma kada ya shiga firji, sanyin da ya yi ƙasa da digiri 13 yana ɓata shi ya ƙi nuna daidai.

Ba ki tambaya ba, amma ki yi hattara wurin saye. Akwai masu kawo na narkakkiyar tsohuwar roba su ce sabo ne, wata biyu a rana ya fara tsagewa. Ki kifa shi ki hau da ƙafa, in ya yi ƙara ko ya yi fari a kusurwa ki ajiye. Na hannu kuma ki sansana, wasu maganin feshi aka ɗauka da su. Haka masu sayar da mangwaron: wanda ya yi rawaya shar a waje, ciki da tsami, sau da yawa kabayid aka sa masa, wani sinadari da ake nunar da 'ya'yan itace da shi ƙarfi da yaji, abin da NAFDAC ta sha gargaɗi a kai. Ki sa a juye miki kaya a gabanki ki ga na ƙasa kafin ki biya.

Ki fara da kiret guda 15 ko 20, ki rubuta sunanki da fenti a gefe biyu. Ukun da na rasa, ɗaya ne kawai ya fashe, biyun a wurin sauke kaya suka yi ƙafa.